Na Murɗa Shi Zuwa Bakwai

Ranar Lahadi

Zuwa ga jikata, Nas ɗin gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya tsayuwar nan taku ta yini guda? Mun iso gida lafiya jiya da yamma, sai dai ƙafata ta hagu da ta kumbura saboda zaman mota, yanzu kuma ta sauka. Kakarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki kin rame, na ce ba zan ɓata tawadata a kan wannan ba, ga shi kuma na ɓata.

Kin san kunnena ya yi nauyi, waya ba ta da amfani a wurina, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma mutumin da ya shiga ajin yamma yana da shekara sittin da uku, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa yana koyon haɗa baƙi, ai ba zai bar rubutunsa ya yi tsatsa ba.

Amaryata, har yau ban dawo daidai ba. Shekara goma sha biyu Auta tana ɗakin miji, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ni ubanta ne, ba na iya tambayarta, amma ina ganin yadda take sauke ido idan aka miƙo mata jaririn wata. Sai ga shi ranar Alhamis an ɗora mini ɗanta a cinya. Abokina ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, kamar mai cewa, wannan tsohon kuma daga ina? Ya kama babban yatsana, wanda kwamfireso, injin firji, ya taɓa murƙushewa, ya ƙi saki. Na yi kuka a gaban surukina, ban ji kunya ba. Ko yanzu da nake rubutu sai da na cire tabarau na goge.

Bayan Allah, ke ce sila. Ke kika ja gwaggonki zuwa ɗan asibitin nan naku, kika ce jikinta ne ba ya yin wani sinadari yadda ya kamata, allurar homon ɗin nan za ta taimaka. Na haddace sunan, kin gani. Shi ya sa na nace sai na zo na gode wa Likita mai asibitin da bakina ranar Juma'a. Ban same ta ba, amma na ga wurin, kuma ya burge ni. Ɗaki huɗu kacal, amma ƙasa tana sheƙi, kowane kwali da takardarsa, kowa yana wanke hannu kamar wanda aka sa wa doka.

To, ga wani abin da ban gaya miki ba, don na so ya zama kyauta. Kin tuna kujerun jira sun cika, kika zaunar da ni a ɗakin magani kika tafi wurin mara lafiya? Ina zaune ina kallon firjinku. Kunnena ya mutu, amma tafin hannuna yana ji. Na ɗora hannu a gefensa, sai na ji injin yana hutawa fiye da yadda yake aiki. Na buɗe, na ga ƙananan kwalaye jere a tsakiya. Sanyi dai akwai, amma na wasa ne, irin wanda ko ruwan kofi ba zai daskarar ba. Shekara arba'in na yi ina gyara firjin masu ƙanƙara da masu kifi da mahauta. A wurinmu, firjin da ba ya daskarar da ruwa mara lafiya ne. Na leƙa maɓallin sanyi, na tarar yana kan uku. Na ce kai, waɗannan mutane sun iya gyaran ɗan Adam, ba su iya firji ba. Na murɗa shi zuwa bakwai, iyakarsa ke nan. Na kuma tura kwalayen can baya, suka jingina da bangon da sanyi ke fitowa. Nan take injin ya ɗauka, daɗi ya kama ni.

Ba ni da abin da zan ba Likita wanda ya kai abin da ta yi mini, sai ɗan sanin da ke hannuna. Ba sai kin gaya mata ba, amma idan ta lura maganinta ya fi sanyi, ki ce tsohonki ne.

Zan ba direban motar safe wannan takarda. Ki shafa mini kan abokina. Ki ce wa Auta ta ci abinci.

Kakanki, tsohon mai gyaran firji

*

Ranar Laraba

Kakana,

Wa alaikumus salam. Ina fatan ƙafar ta warware, ka gaishe mini da tsohuwa. Gwaggo lafiya lau, ta fara zagaya tsakar gida. Abokinka yana shan nono kamar wanda aka aiko.

Takardarka ba ta iso ba sai yau. Direban ya manta ta a aljihun mota kwana tara, ya zo yana ba ni haƙuri. Na buɗe ina dariya, ban kai ƙarshe ba dariyar ta ɗauke.

Kaka, zan faɗa maka kai tsaye, don ba ka son kwana-kwana. Maganin nan ba kifi ba ne. Sanyi kaɗan yake so, tsakanin digiri biyu zuwa takwas. Idan ya daskare ya lalace, kuma in ya narke yana komawa fari tas kamar babu abin da ya same shi, ido ba ya ganewa. Shi ya sa maɓallin yake kan uku, shi ya sa kwalayen suke tsakiya, nesa da bangon baya.

Mun rufe asibiti ranar Juma'a da yamma, ba mu buɗe ba sai Litinin. Ɗazu na ja Inna mai shara gefe na tambaye ta. Ta ce eh, ranar Litinin ɗin da sassafe ta tarar ƙanƙara ta kama kwalayen, sun manne da bango. Ta mayar da maɓallin inda ta saba gani, ta bar ƙofar a buɗe har ya narke, ta goge ruwan, ta jera komai. Ta ce ba ta faɗa ba don tana tsoron a ce ita ce.

Kwana takwas na aiki muna yi wa mutane allura daga kwalayen nan.

Yau na tattara su na sa a leda can ƙasan firji. Waɗanda suka zo na ce musu su dawo, ana duba wani abu. Likita ba ta sani ba. Babu wanda ya san yadda aka yi sai ni da kai, takardarka kuma tana cikin aljihun rigata. Dama can doka ta hana kowa shiga ɗakin magani in ba ma'aikaci ba, kuma makullin a hannuna yake.

Kada ka gaya wa kowa tukuna. Ka bar ni in yi tunani.

Jikarka

*

Ranar Asabar

Jikata,

Sallama da gaisuwa. Ƙafa ta warke. Kakarki lafiyarta ƙalau, sai dai tun jiya take bina da ido tana tambayar me ya hana ni cin abinci. Na ce ciki ne. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba tun da na aure ta.

Na karanta takardarki sau huɗu. A karo na farko na ce yarinyar nan ba ta san firji ba. Na tashi na tafi tsohon shagona, wanda ɗan ƙanena yake riƙe da shi yanzu. Akwai wani firji irin naku da aka kawo gyara, an gama. Na sa ruwa a 'yar kwalbar turare, na jingina ta da bangon baya, na murɗa zuwa bakwai, na zauna a kan benci. Kafin la'asar ruwan ya zama dutse. Na fitar da shi na riƙe a tafina har ya narke, na ɗaga shi a rana. Fari tas, kamar yadda kika ce. Na ajiye kwalbar, na koma kan benci na zauna.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai takarda manne a ƙofar firjin nan naku, da rubutu babba a samanta. Na gan ta. Na karanta lambobin da ke ƙasa, biyar, biyar, biyar, na ji daɗin na iya karantawa, ban ɗaga kai na karanta na saman ba. Wato na je makaranta da tsufana don in iya karatu, ranar da karatun zai yi amfani kuma hannuna ya riga idona. Na ɗauka duk abin da ke da kwamfireso nawa ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Kin ce kada in gaya wa kowa. Na juya layin nan ta kowace fuska. Idan nufinki mu binne maganar, ki yi haƙuri, ba da ni ba. Na san abin da aikin nan yake a wurinki. Ina nan lokacin da mahaifinki ya rasu kina aji biyu a makarantar jinya, na ga yadda kika gama ta. Ba na son in zama sanadin da za a karɓe miki makulli ko a sallame ki. Wallahi na fi son a yanke mini hannun da ya murɗa maɓallin. Amma waɗanda aka yi wa allurar nan, kowannensu yana da tsoho a gida da yake jira kamar yadda na jira. Suna zaton magani ne a jikinsu. In ba a gaya musu ba, za su ce jikinsu ne ya ƙi, su ci gaba da ɗora wa kansu laifi, alhali laifin yana nan zaune yana rubuta miki takarda.

Ki kai wa Likita takardata ta farko, ta karanta da idonta. Ki ce tsohon ya yi ne kina waje. In kuma bakinki ya yi nauyi, ki aiko mini, in shiga motar safe in zo in faɗa da kaina. Na tsaya a kan direban nan, na ce in ya sake mantawa da takardata zan bi shi har gidansa.

Su waye aka yi wa allurar? Ki gaya mini, kada ki rage.

Kakanki

*

Ranar Litinin

Jikata,

Ina gaishe ki. Mu dai muna nan lafiya, in ban da ni.

Yau kwana goma sha shida ba amsa. Kullum ina bakin tasha idan motar yamma ta shigo, direban har ya fara kauce mini. Na gaya wa kakarki komai, don na kasa riƙewa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce, "Kai da hannun nan naka." Ta sa ɗan ƙanena ya kira Auta a waya, Auta ta ce kina lafiya amma ba kya zuwa gidanta, ba ta san dalili ba.

In fushi kike yi da ni, kina da gaskiya. In an sallame ki ne, gida yana nan, ɗakinki yana nan. In kuma kin zaɓi yin shiru ne, to ranar Alhamis ina tafe. Layi ɗaya ma ya ishe ni.

Kakanki

*

Ranar Laraba

Kakana, angona mai rigima,

Ka ajiye jakarka, kada ka shiga mota. Ina lafiya. Gwaggo lafiya, abokinka ya fara murmushi, kuma goshinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Ka yafe mini shirun da na yi. Ba fushi ba ne. Na kasa riƙe biro ne sai da abin ya lafa.

Da na ce kada ka gaya wa kowa, Gwaggo nake nufi, don tana jego, kada hankalinta ya tashi. Haka na gaya wa kaina. Amma tun da ka ce kada in rage, rabin zuciyata abin da ka zata take nufi. Kwana biyu na yi da takardarka a aljihu. Na yi tunanin in ce wa Likita wuta ce ta yi wasa, a sake magani, shi ke nan. Takardarka ta biyu ba ta riga ta iso ba lokacin da na shiga ofishinta ranar Juma'a, don haka kada ka ɗauka tsoronka ne ya sa. Wata mata ce ta sa.

Malamar makaranta ce, shekararta arba'in da ɗaya, shekara tara tana neman haihuwa. Allurarta ta faɗo daidai cikin kwanaki takwas ɗin nan, kuma ni na yi mata kowace ɗaya. Ranar Juma'ar aka yi mata hoto, aka ga ƙwayayen haihuwarta ba su girma ba. Ta fito ta zauna a kujerar da ke kusa da tebur ɗina tana ɗaure takalmi, ta ce, "Nas, kada ki damu, kun yi iyakar ƙoƙarinku. Jikina ne ya tsufa." Har ta yi mini godiya. Tana fita na miƙe na ƙwanƙwasa ƙofar Likita.

Na ajiye mata takardarka. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau. Sai ta ce in ciro mata takardar da ke manne a ƙofar firji. Kaka, wannan ne ɓangaren da ban gaya maka ba. Doka ita ce safe da yamma a duba ma'aunin sanyi a rubuta lambar. Ta sa yatsa a kan Asabar da Lahadin nan, ta ce, "Wa ya rubuta biyar a nan?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin zo aiki ranar Asabar?"

"A'a."

"To wa ya gaya miki biyar ne?"

Na ce haka na tarar ana yi, ranar Litinin ake cike gurbin, don kada masu duba asibitoci su zo su ga rami a takarda. Ta ce, "Kakanki ya murɗa maɓalli sau ɗaya. Mu kuma shekara nawa muna rubuta abin da ba mu gani ba? Kuma ni nake sa hannu a ƙasa duk ƙarshen wata." Ta kira Inna mai shara. Inna ta shigo tana kuka tun kafin a tambaye ta. Likita ta ce, "Zauna, Inna. Ke kaɗai kika ga gaskiya da idonki, kuma tsorona ya hana ki faɗa. Wannan ma nawa ne."

Mutum goma sha bakwai ne. Shida yara ne masu allurar girma, nasu da sauƙi, kwanakin da suka rasa ba za su cutar da su ba. Sauran manya ne. Likita ta ce ni zan kira kowa, ita tana zaune kusa da ni, kuma ba za a ce wuta ba ce, ba za a ce inji ba ne. Kwana uku muka yi. Wani ya zage ni har sai da na ajiye wayar na fita. Mutum huɗu sun karɓi fayil ɗinsu sun koma wani wuri. Ita da kanta ta rubuta wa hukumar da ke duba asibitoci, suka zo mutum biyu, suka yini. An zubar da maganin duka a gabansu. Sun ce firjin gida bai dace da wannan aiki ba tun farko. Yanzu an kawo na asibiti, da ma'aunin da ke riƙe mafi sanyi da mafi zafin da aka yi ko ba kowa, yana kuma ƙara idan an wuce iyaka. Gurbin Asabar da Lahadi kuma, ana karanta abin da ma'aunin ya riƙe ne a rubuta.

Ba a sallame ni ba. An karɓi makullin ɗakin magani, an dakatar da ni wata guda, kuma an rubuta a fayil ɗina. Ranar da na miƙa makullin na yi kuka a banɗaki. Amma ina barci yanzu.

Malamar makaranta ta zo da kanta da mijinta. Ta tambayi abu ɗaya: da maganin bai daskare ba, da ya yi? Likita ta ce ba ta sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani. Ta ce za a iya sake gwadawa bayan wata biyu, amma a shekarunta kowane wata yana da nauyi. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Ranar da na ce miki jikina ne, kin riga kin sani?" Na ce eh. Ta ɗauki jakarta.

Likita ta roƙi a bar mata takardarka ta farko a fayil ɗin asibiti. Ta ce duk sabon ma'aikaci sai ya karanta ta kafin a ba shi makulli. Na ce sai na tambaye ka.

Jikarka, Nas marar makulli

*

Ranar Asabar

Jikata,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Muna lafiya. Kakarki ta sa na karanta mata takardar da ƙarfi, da na zo wurin malamar makaranta ta tashi ta shiga ɗaki.

Ki ce wa Likita ta riƙe takardar. Da ina ajin yamma, burina shi ne wata rana wani mai ilimi ya karanta rubutuna. Ban zaci ta wannan hanya zai zo ba. Kada ta gyara komai a ciki, har wurin da nake yabon kaina. Wurin ne ma ya fi kamata su karanta.

Ba zan ce miki kin kyauta ba, don kin san inda kika kyauta da inda ba ki kyauta ba, kin kuma faɗa da bakinki. Abin da zan ce, mahaifinki da yana raye da ya tsaya kusa da ke a ofishin nan. Wata guda ba shekara ba ce. Ki je gidan gwaggonki ki taya ta raino, ki gaya mata komai, ta fi ƙarfin yadda kike zato.

A cikin ambulan nan akwai wata takarda a ninke. Ta malamar makaranta ce. Kwana biyu na yi ina rubuta ta, na yaga biyar. Ban kai wa malamin ajinmu ya duba mini ba, duk kuskuren da ke ciki nawa ne. Na gaya mata ko ni waye, da abin da na yi, da cewa murnar samun jika ce ta kai hannuna inda ba a aike shi ba. Na san wannan zai yi mata ciwo, ita da take neman abin da na samu, amma ban ga yadda zan ɓoye ba. Ban ce ta yafe mini ba, na ga ba ni da bakin roƙon wannan. Ki fara tambayar Likita ko ya halatta a ba ta. In ta ce a'a, ko matar ta ƙi karɓa, ki dawo mini da ita, kada ki matsa.

Kakanki

*

Ranar Talata

Kakana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da tsohuwa. Na koma aiki jiya. Gwaggo ta sani yanzu. Ta ƙara rungume ɗanta, ta ce in gaishe ka da kyau.

Na riƙe takardar wata guda, don malamar ba ta dawo ba, mun ɗauka ta tafi ke nan. Yau da safe sai ga ta. Ta ce za ta sake gwadawa a nan, don a nan ne aka kira ta aka gaya mata gaskiya. Amma ta ce ba ni zan yi mata allura ba, kuma kafin kowace allura sai an nuna mata ma'aunin firji da idonta. Likita ta ce ta yarda.

Da izinin Likita na miƙa mata takardarka. Ta karanta a tsaye, a hankali, har ƙarshe. Ta ninke ta sa a jaka. Ta ce, "Ki ce masa na karanta. Rubutunsa yana fita sosai. Sauran kuma ban shirya ba tukuna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Jikarka

*

Ranar Juma'a

Jikata, Nas ɗin gidanmu,

Sallama. Muna lafiya, ƙafa lafiya, kakarki tana gaishe ki.

Na ji saƙon malama. Ya fi abin da na cancanta. Kada ki sake ɗaga mata maganar, ko da ido. Shekara tara ta yi tana jira, ni ma zan iya jira, in kuma ban kai ba, Allah ya san na nema. Kullum bayan salla ina sa ta a addu'a tare da Auta da ke. Ban san sunanta ba, ina cewa malamar makaranta, na san Wanda nake roƙo ya gane ta.

Jiya maƙwabcinmu ya kira ni in duba masa firji. Na tambaye shi me yake ajiyewa a ciki kafin in taɓa komai. Ya yi dariya ya ce, Baba, shekara arba'in ba ka taɓa tambaya ba. Na ce eh, ban taɓa ba.

Ƙarshen wata ina tafe ganin abokina, an ce ya fara riƙe wuya. Zan biyo ta asibitinku in gode wa Likita, don har yau ban yi godiyar da ta kawo ni tun farko ba. In kujerun jira sun cika, ki bar ni a tsaye a bakin ƙofa. Zan sa hannayena a baya.

Kakanki